Shekara Biyu Ba Wanda Ya Faɗa Mini

Shekara goma sha huɗu na yi ina zaune a bayan wata 'yar taga, wadda muke ce wa gishe, a wani kamfanin fito da kaya daga tashar jirgin ruwa, a unguwar Bonanjo cikin birnin Douala. Aikina magana ce. 'Yan kasuwar da suke zuwa daga arewacin Najeriya ba su da Faransanci, takardun duwan kuma, wato na kwastan, ba su da Hausa, sai aka ajiye ni a tsakani. Mutum ya turo takarda ta ƙarƙashin gilashi, in karanta, in sunkuya kusa da ramin tagar in yi masa bayani, shi ma ya sunkuyo ya saurara. Akawu suke ce mini. A unguwar New Bell aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo da fataucin goro bai koma ba. Na yi allo da safe na yi lakwal, wato boko, da rana, kuma ina alfahari da cewa babu harshen da zai tsaya mini a maƙogwaro cikin biyun.

A bayana, kan wani tebur mai keken rubutu, akwai abokina. Lungunmu ɗaya, malaminmu na allo ɗaya, benci ɗaya muka zauna a aji. Ni na kai shi kamfanin da hannuna, na tsaya masa har aka ɗauke shi. Ranar aurena shi ne babban aboki.

Sai lakiriz ta zo, kamar yadda kowa yake kiran matsin shekarun nan. Kamfanoni suka fara rage mutane, kullum ka ji an ce an kwampirese wane, wato an sallame shi. Jiragen ruwa suka ragu. Kowa ya kama abin da zai riƙa taunawa don ya danne fargaba. Ni goro na kama da sigari. Daga ɓari biyu a yini na koma ban san adadi ba, sigarin kuma ina kashe wani ina kunna wani a bayan ofis, don kada dattawan unguwa su gani.

A cikin wannan lokaci na fara ganin jini a kan asuwakina da safe. Ban damu ba. Na ce na cika dannawa ne. Da na ambata a majalisa, wani ya ce zafin jiki ne, in sha tsamiya. Babu ciwo ko kaɗan, abin da ba ya ciwo kuwa wa zai kai shi asibiti a shekarar da ake ta sallamar mutane?

Abin da na lura da shi dabam ne. Na ga 'yan kasuwa sun daina sunkuyowa kusa da taga. Ina bayani, mutum yana kallon gefe, ko ya ɗora hannu a kan gemu ya bar shi can sama-sama. Na san dai wasunsu suna yi mana kallon Hausawan da ruwan teku ya salanta, masu cusa Faransanci a kowace jimla, sai na ɗauka rainin ne ya ƙaru. Na ƙara ɗaure fuska, na ƙara ɗaga murya. Wani dattijon Alhaji mai shigo da kwanuka da tangaran, wanda muke mutunci da shi ƙwarai, ya dawo daga gida ya kawo mini tsaraba: ƙunshin asuwaki mai kauri da 'yar kwalbar turare. Na yi ta godiya, har na nuna wa abokina ina cewa ka ga mutanen kirki.

Shi ma abokin nawa ya ɓullo da wata sabuwar al'ada. Kowace safiya sai ya ajiye mini alewar na'ana'a biyu a kan teburina. Na tambaye shi dalili, ya yi dariya ya ce ƙanwar matarsa ce take sayarwa, yana taya ta ciniki.

A masallacin lungunmu ma, in an tayar da salla, sai in ga wanda ke kusa da ni ya ja baya ya ba wani wuri. Bayan sallama ana gaisawa da ni hannu a miƙe, jiki a nesa. A gida kuwa shayina ya canza ɗanɗano, kanumfari har yana kama harshe. In ina yi wa matata magana, a daidai lokacin ne za ta tuna tukunya, ko shanya, ko wani abu da ya faɗi a ƙasa. Na ce a raina talauci ne ya fara shiga tsakaninmu tun bai iso ba.

Wata Litinin patoron ɗinmu, wato shugaban kamfanin, wani Bature mai sanƙo, ya kira ni ofishinsa. Yana tsaye a bakin taga ya buɗe ta, ni ina bakin ƙofa. Ya ce ɗakin ajiye takardu da ke sama ya rikice, yana buƙatar mutum mai hankali da gogewa. Ya yi ta yabona har na ji kunya. Na hau sama, cikin ƙura da kyankyasai, ni kaɗai. Abokina ya koma gishe. Na taya shi murna da zuciya ɗaya, na zauna na koya masa yadda ake bi da kowane Alhaji, wanda ake fara tambayar iyalinsa da wanda ba ya son dogon zance.

Shekara guda na yi a sama. Da aka zo rage ma'aikata, ba sai an yi dogon tunani ba: wanda yake zaune shi kaɗai da tsofaffin takardu shi ne farkon fita. Aka miƙo mini wasiƙa a cikin ambulan. Abu ɗaya aka bar mini, katin asibitin kamfani, wanda zai ci gaba da aiki wata uku kafin ya mutu.

A kwanakin ne na ji haƙorina ɗaya na ƙasa, a gaba, yana motsi in na taɓa shi da harshe. Na yi niyyar zuwa wurin wani mai cire haƙora da ke baza kayansa a gefen kasuwa. Matata ta hana. Ban taɓa ganin ta nace a kan wani abu haka ba. Ta ce katin nan haƙƙina ne, in je wurin likitan gaske. Ta wanke mini riga ta goge, ta tsaya a bakin ƙofa har na fita. Na tafi ne da haushi, don in ci abin da ya rage mini a wurin kamfanin kafin ya ƙare.

Asibitin haƙoran yana Akwa, a saman wani bene. Likitan bai daɗe a kaina ba. Ya leƙa bakina, ya ja abin rufe hancinsa sama, ya ce wannan aikin Madam ne tukuna. Madam ita ce mai wanke haƙora da kula da dasashi, a wani ɗan ɗaki a can baya. Mace ce gajera, 'yar kudu, ta girme ni kaɗan, da furfura a gaban goshi. Da Faransanci muka yi duk maganarmu, sai in ta ga na ji zafi ta ce "ashiya", yadda ake jajantawa a Douala.

Ta kwantar da ni a kujera, ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar ma'auni. Tana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, tana dubawa, tana rubutawa a kati. Haƙori ɗaya sai ta auna shi ta wurare da yawa. Na ji ƙarfen yana nitsewa inda ban san akwai rami ba. Da ta gama ta zauna a kan kujerarta, ta sauke abin rufe bakinta.

"Mesiye, haƙoranka lafiyarsu lau, babu ko tsutsa ɗaya," in ji ta. "Abin da yake riƙe da su ne yake tafiya. Datti ya daskare a ƙarƙashin dasashi ya zama kamar dutse, dasashin ya kumbura ya saki haƙori, ƙashin da ke ƙasa yana zaizayewa. Tun yaushe aka fara yi maka maganar warin?"

Na ce, "Wane wari?"

Ta dube ni.

"Kana da iyali?"

"Ina da mata da 'ya'ya uku."

"Kana aiki da mutane?"

"Har watan jiya."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauki auduga, ta danna dasashina ta can wajen turame, ta ɗago audugar ta nuna mini. Jini ne haɗe da mugunya. Ta kawo ta kusa da hancina. Na kau da kai da sauri, irin kau da kan da na sha gani ta cikin gilashin gishe.

"Mai shi ba ya ji, hanci yana sabawa," ta ce. "Yadda na ga zurfin nan, abin ya kai shekara biyu, ko ya fi. Da ka zo da wuri, zama ɗaya ko biyu ya isa."

Na sauko daga benen nan ban shiga mota ba. Da ƙafa na koma New Bell, bakina a rufe, ko sallamar mutane ban amsa ba sai da ka. Ina tafe abubuwa suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya: asuwakin Alhaji, alewar na'ana'a, tagar patoron, gurbin da ake bari a sahu. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni kowa ya san inda nawa yake yoyo, daga Bonanjo har lungunmu, ban da ni.

Na tarar da matata a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, yara suna makaranta. Na tsaya nesa da ita. Wannan ne karo na farko da ni na ja baya.

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ba ta tambaye ni me nake nufi ba. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Malam, ka zauna ka sha ruwa."

"Tun yaushe?"

"Tun ina goyon auta."

Auta a lokacin tana gudu da ƙafarta, har ana aiken ta. Na ce mata shekara biyu tana kallona ina fita in buɗe baki a gaban mutane, ina sunkuyawa a fuskar dattawa, ba ta ce komai ba.

"Da wane bakin zan faɗa maka?" in ji ta. "Ina zan sa idona bayan nan? Na sa kanumfari a shayi. Na canza maka asuwaki ya fi sau goma. Na je wurin Inna na karɓo bagaruwa, na ce maka ta kurkure ce don sanyi, ka yi kwana biyu ka bari. Na yi iya yina."

"Kalma ɗaya ce ba ki yi ba."

Ta fashe da kuka. Ta ce ranar da na tambaye ta me ya sa take guduna, ta kusa faɗa, sai ta ga yadda na dawo daga aiki a gajiye, ta haɗiye. Ta ce mace ba ta ce wa mijinta haka, ba a yi mata irin wannan tarbiyya ba. Na san gaskiya take faɗa. Sanin bai rage mini komai ba. Har Inna, wato mahaifiyarta, ta sani ke nan, kuma in Inna ta sani, matan lungu duk sun sani.

Madam ta raba bakina kashi huɗu, kowane mako kashi ɗaya. Ta ce ba za a yanka dasashi ba, in dai na yi nawa aikin a gida. Sai aka yi rashin sa'a, makonnin suka faɗo a lokacin da ake rufe gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba shago, ba tasi, samari sun tare hanyoyi da tayoyi da duwatsu. Ni kuma katina yana ta ƙarewa. Da ƙafa nake zuwa, ina bin lunguna, ina tsallake baƙin tabon tayar da aka ƙona jiya. Ƙofar gaban asibitin a kulle take, ta baya ake ƙwanƙwasawa. Likitan ba ya zuwa a irin ranakun. Madam tana zuwa, ita ma da ƙafa, daga wata unguwa da ta fi tawa nisa, takalmin aikinta a cikin leda.

Akwai wata na'ura mai fesa ruwa tana ƙara kamar sauro, wadda take farfasa daskararren dattin, amma sau ɗaya kawai muka samu wuta. Sauran duk da hannu ta yi, da wasu ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa kamar 'yan fartanyu. Ta jawo kujerar kusa da taga don haske. Ta yi mini allura dasashin ya mutu, sannan ta shiga ƙarƙashinsa tana kankare jikin saiwar haƙori, tana sassabewa har ya yi santsi. Ƙarar ba ta kunne take shiga ba, ta cikin ƙashin kai nake jin ta. Abin da ta ciro tana gogewa a kan auduga a ƙirjina: ɓarɓashi baƙi da ruwan ƙasa, kamar ƙanzon gindin tukunya. Ban taɓa zaton bakin mutum zai ɗauki wannan ba.

A zama na uku allurar ta ƙare, shagunan magani kuma a rufe. Ta ce ko mu ɗaga zuwa wani mako. Na tuna katin, na ce ta yi haka nan. Na riƙe hannun kujera, hawaye yana gangarowa cikin kunnuwana, tana kankara tana cewa ashiya, ashiya, saura kaɗan. Ban ji haushinta ba ko sau ɗaya. Ita kaɗai ce a garin nan take tsayawa da fuskarta dab da bakina ba ta kau da kai ba.

Abin da ya fi zaman nan na rashin allura zafi shi ne darasin. Ta ba ni madubi, ta ba ni buroshi mai laushi, ta kama hannuna tana nuna mini yadda ake karkata shi zuwa bakin dasashi, a riƙa juyawa a hankali, ba a dirza kamar ana wankin tukunya ba. Ta nuna mini yadda ake zura zare tsakanin haƙora a goge kowane gefe. Ta ce asuwaki yana da kyau, in ci gaba da shi, amma ba ya kaiwa can ciki. Ina da shekara arba'in da biyu, mai 'ya'ya uku, ana koya mini wanke baki. Ta ba ni wani ruwan kurkure mai ɗaci na mako biyu, ta ce bayan shi ruwan ɗumi da gishiri ya isa. Sigari kuwa ta ce in zaɓa, ko shi ko haƙora, don yana ɓoye jinin ne kawai, ciwon yana ci a ƙasa. Na bar shi a ranar. Ba ƙarfin hali ba ne, haushi ne. Goro ma na rage shi zuwa ɓari ɗaya bayan la'asar.

Da kumburin ya sace, dasashin ya ja baya, haƙorana suka fito dogaye, da giɓi a tsakaninsu inda da nama ya cike. Ruwan sanyi ya zama abokin gaba. Amma jinin ya tsaya. Bayan mako shida ta sake aunawa, ƙarfen bai nitse kamar da ba. Ta nuna mini tsohon katin da sabon, tana murna kamar nata ne. Haƙora biyu na gaba dai ba su tsira ba, ƙashinsu ya riga ya tafi, likita ya cire su. Ta matso ta ce in hura mata iska. Na ƙi. Ta ce aikinta ne. Na hura. Ta ce, "Babu komai, Mesiye. Je ka yi magana da mutane."

Ba ni da taga kuma da zan yi maganar a bayanta.

Duk tsawon makonnin nan ban nemi abokina ba. Shi ya zo, wata Lahadi da hantsi, ranar da gari yake buɗewa, da ledar burodi a hannu. Muka zauna a kan benci a ƙofar gida. Ya ga giɓin, ya tambaya, na ba shi labarin asibiti tun daga farko, har da audugar. Yana sauraro yana kallon takalminsa.

Na ce, "Ƙanwar matarka tana nan tana sayar da alewa?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

Na ce, "Mutumina, ni ne fa. Tare aka yi mana kaciya. Ka ga tsiraicina na ga naka. Wannan ne ya fi ƙarfin bakinka?"

"Wallahi na yi niyya ya fi sau ɗari," in ji shi. "In na zo sai in ga kana dariya, in kasa. Na ce ko matarka za ta faɗa maka."

"Ita ma ta ce ko wani zai faɗa."

Da ya tsaya a nan, wataƙila da na haƙura. Amma mutum in ya fara sauke kaya ba ya sanin inda zai tsaya. Ya ce shi ma abin ya dame shi tun ranar da Alhaji mai tangaran ya shiga wurin patoron.

Na ce, "Ya shiga yin me?"

Ya ce Alhajin ya je ne da wasu mutum biyu, ba da mugun nufi ba. Sun ce Akawu mutumin kirki ne, ya san aikinsa, amma tsayawa a tagarsa ta zama wahala, ko kamfani zai taimaka a duba lafiyarsa.

"Alhaji ba ya jin Faransanci," na ce. "Patoron ba ya jin Hausa. Wa ya yi musu tafinta?"

Ba sai ya amsa ba, mu biyu ne kaɗai masu harsunan nan a kamfanin.

Na ce, "Ashe bakinka yana iya faɗar maganar. Ka faɗe ta da Faransanci, a gaban Bature, tsaf, ba ka rage komai ba. Ni da nake bayan ƙofa ɗaya, da Hausar da muka tashi da ita, ka kasa."

"Aiki aka sa ni. Ya zan yi? In ƙi?"

"Ka faɗa masa wurin da Alhaji ya ce a duba lafiyata?"

"Na faɗa. Wallahi na faɗa. Ya ce zai san abin yi."

Abin da ya san yi shi ne ɗakin takardu. Har yau ban sani ba ko abokina ya faɗi wannan ɓangaren ko ya bar shi a maƙoshi. Ban sani ba ko ya yi shirun nan don kunya ce zalla, ko kuwa akwai wani lungu a zuciyarsa da ya hango kujerar gishe a shekarar da kowa yake neman abin kamawa. Wataƙila shi kansa bai sani ba. Ban kuma sani ba ko da ina gishe za a sallame ni duk da haka, don an sallami mutane da yawa masu ƙamshin baki. Rashin sanin nan ya fi cin raina a kan komai. Na miƙe na ce masa lokacin kurkure bakina ya yi. Na shiga gida na bar shi da burodinsa.

Madam ta ce irin ciwon nan ba ya warkewa kwata-kwata, kwantar da shi ake yi, don haka in riƙa dawowa duk wata uku tana sharewa. Katin ya mutu. Ta ce in zo ranar Asabar da rana bayan likita ya tafi, za ta duba ni. Na je sau uku. A na huɗu, bayan darajar kuɗi ta faɗi, kayan aikin da ake shigowa da su suka gagara, na tarar da benen a kulle. Mai gadi ya ce likita ya koma Turai, Madam kuma ta tafi ƙauyensu. Ban san sunan ƙauyen ba. Ban ma taɓa yi mata wata godiya ta kirki ba, kullum bakina a kumbure nake fita.

Na sayi ɗan tebur na kafa a wata rumfa kusa da babbar kasuwa, ina cike wa mutane takardu ina rubuta musu wasiƙu. Da yawa daga cikin masu zuwa tsofaffin mutanena ne na gishe. Suna sunkuyowa dab da ni yanzu. Babu wanda ya taɓa cewa komai a kan da, babu wanda ya ce komai a kan yanzu. Alhaji mai tangaran ya zo sau da yawa kafin ya rasu, muna gaisawa da mutunci, ban tayar masa da zancen ba. Shi dai ya yi wani yunƙuri, ko da ta hanyar da ba ta ɓulle ba.

Na riƙe darasin Madam kamar wuridi, safe da dare, buroshi da zare. In na samu hali nakan je asibitin mishan a share mini. Na ƙara rasa turame uku a cikin shekarun da suka biyo, sauran suna nan, da su nake cin soya, wato tsire. Ni da matata mun ci gaba da zamanmu, mun aurar da yara. Ta yi mini hidimar da ba kowace mace za ta yi ba a shekarun da teburin nan bai kawo komai ba. Amma in ta ce riga ta yi mini kyau, ko ta ce babu komai, sai na je na duba da kaina.

Abokina ya daɗe a kamfanin, ya samu girma, ya bar New Bell ya gina gida a Bonamoussadi. Muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, mu gaisa, kowa ya nemi wurin zamansa. Shekarar da zai tafi aikin hajji ya zo rumfata da kansa, cikin farar shadda, ya tsuguna a gaban teburina mutane suna kallo. Ya ce yana bin duk wanda ya san ya taɓa saɓa wa yana neman gafara, ni ne na farko a zuciyarsa ko da yake ni ya bari a ƙarshe. Idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Abin da ake cewa ke nan, na kuwa faɗa.

Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce motocin 'yan rakiya za su tashi daga gidansa ranar Alhamis zuwa filin jirgi, ya ajiye mini wuri a ta gaba. Na ce Allah ya kai mu. Ranar Alhamis na buɗe rumfata da wuri. Akwai wata tsohuwa da take son a rubuta wa ɗanta wasiƙa zuwa Garwa, ta daɗe tana jira, na zauna na rubuta mata.